Yaro mai jinkirin fahimta: iyaye ne ke zaɓa masa makaranta, ko darakta?

Duk shekara idan Oktoba ta kama aka buɗe rajistar ɗaukar sabbin ɗalibai a ajin CI, akwai iyayen da ke zuwa ƙofar makaranta da wata fargaba da sauran iyaye ba su san ta ba. Yaron da suke riƙe da hannunsa ya kai shekara 7, wani ma 8, amma maganarsa ba ta wuce ta ɗan shekara 3 ba. Ya yi jinkirin zama, ya yi jinkirin tafiya, har yanzu sai an taimaka masa ya sa riga. Takardar haihuwarsa na nan a hannu, kuma doka ta ba shi haƙƙin karatu kamar kowane yaro. Abin da ya rage shi ne kallon minti biyu da darakta zai yi masa.

Amsoshin da ake ba irin waɗannan iyaye sanannu ne daga Tawa har Damagaram. Wani daraktan ya ce a bar shi ya ƙara wayo, a dawo da shi baɗi. Wani ya ce nan ba wurinsa ba ne, a nema masa makaranta ta musamman, ba tare da ya faɗi inda take ba. Wani kuma tausayi ya kama shi ya rubuta yaron, a zaunar da shi can ƙarshen aji, ya shekara biyu ko uku yana kallon allo, har ranar da ya daina zuwa babu wanda ya tambaya. Da wuya a ba iyaye ɗaya daga cikin amsoshin nan a rubuce. Uwa ta ja hannun ɗanta su koma gida, maganar ta mutu a nan.

A Faransa, Ingila da Italiya maganar ba ta mutuwa a ƙofar makaranta. Ta kai gaban alƙalai, ta kai majalisar dokoki, har ta shiga yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa. Abin da suke ja a kai shi ne wanda ke da ta cewa kan inda yaro mai jinkirin girma ko na fahimta zai yi karatu, iyayensa ko hukuma, kuma ko zai zauna aji ɗaya da sauran yaran unguwa ko a kai shi makarantar da aka keɓe wa irinsa. Muhawarar ta iso Nijar ta bakin ƙungiyoyin masu naƙasa da na agaji, da kuma yarjeniyoyin da ƙasar ta sa wa hannu. Sai dai kafin a yi gardama kan zaɓi, ya kamata a duba ko akwai abu biyu da za a zaɓa tsakaninsu.

Su wane ne yaran?

Jinkirin girma ba cuta ɗaya ba ce. Likitoci na faɗin haka ne game da yaron da bai kai matakan da tsararrakinsa suka kai ba, kamar wanda ya wuce wata 18 bai yi tafiya ba, ko ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba. A cikin gida sunayen da ake ba shi daban ne: dolo, gaula, galahanga, wani lokaci ɗan ruwa, wato wai aljanu ne suka musanya shi. Kowane suna da irin makomar da yake jawo wa yaro, kuma babu ko ɗaya da ke kai shi aji.

Dalilan da ke kawo jinkirin duk ma'aikatan asibitocin ƙasar nan sun san su. Akwai doguwar naƙuda da ke hana jariri iska, da shawarar jarirai da ba a kula da ita da wuri ba, da zazzaɓin cizon sauro idan ya taɓa ƙwaƙwalwa. Akwai sanƙarau, wanda Nijar ke tsakiyar yankin da yake yawan ɓarkewa, da farfaɗiya, da sikila, da ƙarancin iyodin a cikin gishiri. Sannan ga tamowa. Binciken abinci mai gina jiki na shekarun nan yana nuna kusan rabin yaran ƙasar ƴan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma jahohin Maraɗi da Damagaram ne a sahun gaba, inda adadin ke haura rabi. Ba duk yaron da ya tsumbure ne ke da jinkirin fahimta ba, amma hatsarin ya fi yawa a cikinsu. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ce masu naƙasa kashi 4.2 cikin 100 ne na al'ummar ƙasa, wato mutum sama da 700,000. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana kiyasta kashi 16 cikin 100 a faɗin duniya. Giɓin da ke tsakanin alƙaluman biyu ba abin mamaki ba ne: mai ƙidaya yana ganin makaho da gurgu, amma yaron da ke ɗaka ba ya magana sai in iyayensa sun ambace shi.

Wani abu da ya kamata duk mai yanke hukunci kan irin wannan yaro ya riƙe shi ne, kalmar jinkiri ba ta nufin an gama. Wasu yaran suna kamo tsararrakinsu idan suka samu abinci, magani da masu yi musu magana. Wasu ma ba jinkirin fahimta ke damunsu ba, ji ne ba su yi sosai, bayan sanƙarau ko ciwon kunne da ya daɗe yana ruwa. Wasu ba su ganin allo. Wasu farfaɗiya ce, wadda ke da magani mai araha, amma ake cire yaro daga aji saboda camfin cewa ana ɗaukarta ta yawu. Daraktan da ya kalli yaro minti biyu ba zai iya rarrabe waɗannan ba. Likita ma sai ya gwada.

Abin da ke cikin takardu

A rubuce, Nijar ba ta baya. Dokar tsarin ilimi ta ƙasa mai lamba 98-12 ta 1 ga Yuni 1998, wadda malamai suka fi sani da LOSEN, ta ɗora wa gwamnati alhakin ilimin yara daga shekara 4 zuwa 18, ta kuma tanadi ilimi na musamman ga masu naƙasar jiki ko ta ƙwaƙwalwa. Kafin ita akwai dokar 93-012 ta 2 ga Maris 1993 kan kare masu naƙasa, wadda aka yi wa gyara a 2010, sannan dokar 2019-62 ta 10 ga Disamba 2019 ta zo ta sabunta tsarin. Kundin tsarin mulki na 2010, wanda aka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ya ce tarbiyya da ilimin yara haƙƙi ne kuma wajibi ne a kan iyaye, ya kuma ɗora wa gwamnati tabbatar da daidaiton dama ga masu naƙasa.

A waje kuma, Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa tun 24 ga Yuni 2008. Aya ta 24 ta yarjejeniyar ta hana a cire yaro daga tsarin ilimi na kowa da kowa saboda naƙasa, ta kuma ce a yi masa gyare-gyaren da yake buƙata a makarantar da ke kusa da gidansu. Wannan ra'ayi ya samo asali tun taron Salamanka na ƙasar Sifen a 1994, inda gwamnatoci 92 suka yarda cewa makaranta ce ya kamata ta daidaita kanta da yaro. A 2019 kwamitin da ke bin diddigin yarjejeniyar ya saurari rahoton Nijar a Janeba, ya kuma nemi ƙasar ta karkata ga ilimin haɗaka.

Mai karanta takardun nan a jere zai ga ba baki ɗaya suke magana ba. LOSEN ta fito ne daga zamanin da ake ganin gata shi ne a gina wa mai naƙasa makarantarsa daban. Yarjejeniyar da aka amince da ita a 2008 tana ganin wannan keɓewa ita ce matsalar. Shi kuwa darakta a Tasawa ko Madawa, ko ya karanta su ko bai karanta ba, abin da ke gabansa aji ne mai yara 70 ko 80 da malami ɗaya.

To ina makarantu na musamman da ake tura iyaye su nema? A Yamai akwai makarantar makafi ta Soli Abdourahamane da makarantar kurame ta Hassane Bana Bâ. Maraɗi da Damagaram na da makarantun kurame, akwai kuma wasu azuzuwa da aka haɗa da makarantun boko a wasu manyan garuruwa domin makafi. Duk waɗannan na masu matsalar gani ne ko ta ji. Yaron da matsalarsa ta fahimta ce, abin da ya rage masa shi ne ƴan cibiyoyi ƙalilan na ƙungiyoyi da na masu zaman kansu, galibi a babban birni, wasu kuma sai da kuɗin wata. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Ke nan idan aka ce wa uwa a Magarya ta kai ɗanta makaranta ta musamman, an sallame ta ne cikin ladabi.

Darasin Faransa

Da yake daga Faransa aka gaji tsarin makarantar boko ta Nijar, tun daga sunayen azuzuwa har zuwa ofishin sufeto, abin da ya faru can ya cancanci a tsaya a kansa. Shekaru da dama Faransa ta dogara ne da cibiyoyi na musamman, waɗanda da yawansu ƙungiyoyin iyaye ne suka kafa su bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da makarantar gwamnati ba ta karɓar ƴaƴansu. Dokar 11 ga Fabrairu 2005 ta juya al'amarin. Ta ce duk yaro mai naƙasa yana da haƙƙin a rubuta shi a makarantar da ta fi kusa da gidansu. Ta kafa ofishi guda a kowace gunduma, MDPH, inda wani kwamiti ke duba takardun yaro ya ce ko ajin kowa zai shiga da mai taimaka masa, ko ƙaramin aji na musamman a cikin makarantar kowa, ko cibiya ta daban. Doka ta ce a yanke hukuncin da yardar iyaye, idan kuma ba a daidaita ba akwai sulhu, akwai kotu.

Adadin ya yi tashin da ba a musu. Daga yara ƙasa da 150,000 a lokacin da aka yi dokar, masu naƙasa da ke makarantun kowa da kowa sun haura 400,000. An ɗauki masu rakiyar ɗalibai, waɗanda ake kira AESH, fiye da 100,000, mafi yawansu mata, da albashin da bai taka kara ya karya ba. Amma duk shekara da komawa makaranta ƙungiyar iyaye ta Unapei na fito da labaran yaran da ke zaune gida, wasu don ba a samo mai rakiyar da kwamiti ya amince da shi ba, wasu don layin jiran gurbi a cibiya ya kai shekaru. Akwai iyalai da ke tsallaka iyaka su kai ƴaƴansu Beljiyam saboda rashin wuri a gida. A ranar 8 ga Afrilu 2009 kotun ƙoli mai shari'a tsakanin ƴan ƙasa da gwamnati ta yanke cewa rashin gurbi ba hujja ba ce, gwamnati ce ke da laifi idan yaro mai naƙasa ya rasa karatu. A 2022 ɗan takara Eric Zemmour ya soki abin da ya ɗauka a matsayin nacewa kan haɗaka, ya sha suka daga kowane ɓangare. Sai dai wasu ƙungiyoyin malamai, waɗanda ba su da alaƙa da siyasarsa, su ma suna ƙorafin an zuba musu yara ba tare da kayan aiki ba.

Italiya ta bi hanya mafi tsauri. Tun 1977 ta soke azuzuwan da ake ware yara a cikinsu, ta sa malamin tallafi a cikin ajin kowa, kuma ƙa'ida ta ce ajin da ke da yaro mai naƙasa kada ya wuce ɗalibai 20. Ingila ta ɗauki ɗaya gefen: dokarta ta 2014 ta ce makarantar kowa ce asali, sai in iyaye ba su so, ko kuma zaman yaron zai hana sauran karatu ta yadda ba za a iya gyarawa ba. Birtaniya ma da ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya sai da ta sa sharaɗi a kan aya ta 24 don ta riƙe makarantunta na musamman. A can, iyayen da suka kai ƙara kotun da ke duba wannan fanni suna yin nasara a fiye da kashi 90 cikin 100 na shari'o'in da aka yanke, abin da ke nuna hukumomi na ƙin abin da suka san doka ta wajabta musu, suna jiran wanda ke da ƙarfin zuwa kotu.

Ƙasashen uku sun sha bamban, amma sun haɗu a abu ɗaya da Nijar ke buƙata fiye da duk wani gini. A cikinsu babu inda maganar ke ƙarewa a bakin mutum ɗaya. Akwai wanda ke gwada yaro, akwai takarda, akwai sa hannun iyaye, akwai inda za a kai kuka. Faransa ta kuma nuna ɗaya fuskar: haƙƙin da aka rubuta ba tare da an tanadi ma'aikata ba yana komawa layin jira.

Iyaye ma suna da iyaka

Akwai wurin da masu kare haƙƙin iyaye da masu kare haƙƙin yara ke rabuwa. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948, a aya ta 26, ta ba iyaye fifiko wajen zaɓen irin ilimin da za a ba ƴaƴansu. Amma a 2016 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan masu naƙasa ya fayyace cewa ilimi haƙƙin yaron ne shi kansa, kuma ikon iyaye yana ƙarƙashin wannan haƙƙi. A Turai wannan na nufin gardama kan iyayen da suka fi son cibiya ta musamman. A Nijar ma'anarsa ta fi haka nauyi, domin zaɓin da iyaye da yawa ke yi shi ne kada yaron ya fita ko kaɗan.

Ba a rasa dalili ba. Uban da ke da ƴaƴa takwas, yana lissafin kuɗin littafi da na tallafin makaranta, zai ce a fara da waɗanda za su amfana. Uwa na tsoron tsokanar yara a hanya da dukan da yaron zai sha don bai iya maimaita abin da mushe ya faɗa ba. Idan ƴa mace ce tsoron ya ninka, domin yarinyar da ba ta iya faɗin abin da aka yi mata ita ce mugu ke fara nema. Mutanen Maraɗi kuma ba su manta da 8 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da gobara ta cinye azuzuwan zana ta kashe yara aƙalla 25, watanni bakwai bayan irinta ta kashe kimanin 20 a Yamai. Wanda ɗansa ba ya gane a ce masa ya gudu, idan ya yi shakkar ajin zana ba za a ce ya yi wauta ba. Sai kuma kunya, wadda ba a faɗinta: kada dangin miji su ce daga gidan su matar abin ya fito, kada masu neman auren yayyensa su gani su ja baya.

Kalmar iyaye ma tana ɓoye wani abu. A gidaje da yawa uwa ce ke ɗauke da yaron dare da rana, ita ta san abin da yake ganewa da abin da ba ya ganewa, amma maigida ne ko kaka ke yanke hukunci. Duk tsarin da zai nemi yardar iyaye ya tsaya ga sa hannun uba kaɗai, ya bar wadda ta fi kowa sanin yaron a waje.

Tsoron nan na gaskiya ne, kuma gwamnatin da ba ta iya ba da tabbacin lafiyar yaro a aji ba ta da bakin zargin iyaye. Amma tsoro bai mayar da ɓoye yaro ya zama haƙƙi ba. Iyaye na da ta cewa kan wace makaranta, da wane lokaci, da wane sharaɗi. Hana yaro karatu ɗungurungum ba ya cikin abin da doka ta bar musu, kamar yadda ba ya cikin abin da ta bar wa darakta.

Makarantar da ba ta korar kowa

Akwai makaranta ta uku da rahotannin ƙwararru ba su cika ambata ba, alhali ita ce ta fi karɓar waɗannan yara a ƙasar Hausa: makarantar allo ta unguwa. Malamin allo ba ya neman takardar likita. Kowane yaro da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Wanda ya riƙe nasa a wanke a ƙara masa, wanda bai riƙe ba ya ci gaba da maimaitawa, ko da wata uku zai yi, babu mai cewa ya faɗi jarrabawa ko shekarunsa sun wuce. Babban ɗalibi na biya wa ƙarami. Abin da masana ilimi ke kira koyar da kowane yaro daidai da saurinsa, a zaure an daɗe ana yinsa.

Wannan ba wanke makarantar allo ba ne. Bulala na nan, kuma yaron da ba ya riƙe karatu shi ya fi shan ta. Wanda aka tura wani gari almajiranci da irin wannan lalura, an jefa shi cikin hatsarin da ya fi na zaman gida. Amma makarantar allo ta unguwa tana rushe wata hujja da ake yawan kafawa, cewa wai al'umma ba za ta yarda a haɗa yaro mai jinkiri da sauran yara ba. Iyayen da ke kai ƙorafi wurin darakta cewa yaron na ɓata wa ƴaƴansu lokaci, da la'asar ƴaƴan nasu na zaune da shi kan tabarma ɗaya. Bambancin yana cikin tsarin makarantar boko: manhaja ɗaya, sauri ɗaya, jarrabawa ɗaya, a cikin harshen da yaron bai taɓa ji a gida ba.

Batun harshe ba ƙarami ba ne a nan. Yaron da ke fama da haɗa jimla a Hausa, ranar farko a CI ana tarbarsa da Faransanci. Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973, kuma kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Idan wannan sauyi ya sauka daga takarda ya shiga ƙananan azuzuwa, da littattafai da malaman da aka horar, yara masu jinkirin fahimta na cikin waɗanda za su fi kowa cin moriyarsa, ko da ba don su aka yi ba.

Ɓangaren malamai

Ba adalci ba ne a ɗora komai a kan mushe. Mafi yawan malaman firamare ƴan kwantaragi ne, da yawa sun shiga aji da horo kaɗan, kuma abin da ake koya musu game da naƙasa bai kai ya kawo ba. A ba mutum yara 80 da alli, sannan a ƙara masa wanda ke tashi yana yawo a aji ko yana kuka idan an yi hayaniya, a ce masa haƙƙin ɗan Adam ne, ba a warware komai ba. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da kansa ya ce zaunar da yaro a ajin kowa ba tare da an canza yadda ake koyarwa ba, ba shi ne haɗaka ba. Yaron da ke ƙarshen aji shekara uku bai koyi rubuta sunansa ba, an ƙidaya shi ne kawai.

Duk da haka lissafin bai goyi bayan gina makarantu na musamman a ko'ina ba. Ƙasar da har yanzu ke da dubban azuzuwan zana ba za ta gina wa kowace gunduma cibiya da ƙwararrunta ba, kuma ko an gina a babban gari, yaron ƙauye sai ya rabu da uwarsa kafin ya shiga. Makarantar boko kuwa ta riga ta isa ƙauyuka. Ayyukan ilimin haɗaka da ƙungiyar Handicap International, wadda yanzu ake kira Humanité & Inclusion, ta gudanar a Yamai da Maraɗi sun bi wannan hanya: a nemo yaran a gidajensu, a kai su asibiti a gwada, a horar da malaminsu. A arewacin Togo an gwada malamai masu zagaye, ƙwararre ɗaya yana bin makarantu da dama yana taimaka wa malaman aji. Raunin irin waɗannan ayyuka sananne ne, suna tafiya ne da kuɗin waje, ranar da kuɗin ya ƙare sai babur ɗin mai zagaye ya tsaya. Akwai kuma yaran da lalurarsu ta yi tsananin da ajin yara 80 ba zai yi musu ba ko da wane irin horo, kuma iyayensu na da gaskiya idan suka nemi a samar musu wani wuri.

Abin da iyaye za su iya nema tun yanzu bai kai tsadar gini ba. Na farko shi ne a rubuta yaro, domin asali makarantar unguwa tasa ce. Idan darakta na ganin ba zai yiwu ba, ya rubuta dalilinsa ya sa hannu, a ba iyaye kwafi, a aika wa sufeton yankin, wanda zai amsa cikin wa'adin da aka sani. Kafin a kai ga haka a duba ji da ganin yaron a asibiti, abin da ya fi sauƙi idan an fara tun yana ƙasa da shekara 5, lokacin da tsarin kula da yara kyauta da aka kafa a 2006 ya shafe shi. Duk shawarar da aka yanke, ko ta rabin yini ce ko ta jinkirta shekara guda, a zauna da uba da uwa, kuma a sake dubawa a ƙarshen shekara, tunda yaron da ake magana a kansa yana canzawa. Kwamitocin gudanar da makarantu na CGDES da ƙungiyoyin iyaye mata suna nan a kusan kowace makaranta, kuma sun fi kowane jami'i sanin gidan da ake ɓoye yaro.

Takardar ƙin karɓa tana da wani amfani da ya wuce na iyayen da aka ba. Yaron da aka mayar da baki ba ya cikin rajistar makaranta, ba ya cikin rahoton da darakta ke aika wa sufeto, ba ya cikin alƙaluman da ma'aikatar ilimi ke tsara kasafinta da su. Idan aka wajabta rubutawa, a ƙarshen Oktoba kowane sufeto zai san yara nawa aka mayar a yankinsa, da sunan makaranta da dalili, kuma da wannan adadi ne ƙungiyoyin iyaye da tarayyar masu naƙasa ta ƙasa, FNPH, za su iya tsayawa gaban ma'aikata su nemi malamai masu zagaye da ƙananan azuzuwan tallafi a inda aka fi buƙatarsu.